Ɗalibai Uku a Makarantar da Aka Kwashe

Lahadi, 31 ga Agusta

Yau kowa ya koma makaranta, don a nan ƙasar ranar Lahadi ake fara mako, ban da 'yata Huda. Na kai ta sabon ginin Khalidiyya da sassafe, ta sha sabuwar riga da jaka, sai mataimakiyar shugaba ta duba kwamfuta ta ce babu sunanta. Wai har yanzu tana tsohuwar makaranta. Na ce wace tsohuwa, wadda aka rufe? Ta ɗaga kafaɗa.

Ga yadda abin ya faru, don kar in rikice in an tambaye ni. Lokacin hutu ofishin ilimi na shiyyarmu ya yanke cewa gidan hayar da makarantar ke ciki a nan Harra ta Yamma ya tsufa, aka kwashe malamai da yara zuwa Khalidiyya. Shugabar makaranta ce ta riƙa tura yaran ɗaya bayan ɗaya ta kwamfuta. Iƙamar Huda, wato katinta na izinin zama a ƙasar, tana wajen sabuntawa a lokacin, kwamfuta ta ƙi ta, aka ajiye ta gefe sai an dawo hutu. Kafin a dawo shugabar ta yi ritaya. Sabuwar makaranta ba ta da ikon jawo yarinya sai tsohuwa ta sake ta, mai sakin kuwa tana gidanta tana shan shayi.

Na kira mijina Ya'u a Yanbu, garin da yake aiki. Ya ce in kwantar da hankalina, aikin kwana biyu ne. Shi komai aikin kwana biyu ne, tunda ba shi zai yi ba. Huda ta yi ta kuka a tasi, ta hango Mimi ƙawarta ta taga.

Talata, 2 ga Satumba

Ofishin ilimi. Ƙofa a buɗe, sanyin na'ura kamar kullum, amma an ɗora kujeru a kan juna, babu kowa sai wani mutum yana naɗe kwalaye. Ya ce an haɗe ofishin da babbar hedikwata, su ma kwashe su ake yi. Na ce to wa ke riƙe da makarantarmu yanzu? Ya ce wadda aka rufe ba ta da mai riƙe ta. Na ce ai 'yata tana cikinta. Ya ce to ba a rufe ta ba ke nan. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

A hedikwata wata mata a bayan gilashi ta karɓi kokena, ta ce za a kira ni. Har na juya ta ce, ya Ummu Huda, kar ki bari a yi ta rubuta mata fashi. In ya yi yawa sunanta zai faɗi, kuma 'ya'yan masu iƙama in sun faɗi a ƙarshen layi suke komawa, shekarar ta tafi ke nan. Na ce to ta je ina? Ta ce makarantarta mana.

Alhamis, 4 ga Satumba

Na je tsohuwar makarantar ne don in ga kwado a ƙofa in samu abin faɗa musu. Ƙofar a buɗe take.

Baba Bakri mai gadi yana kan kujerarsa ta roba kamar bara. Bahaushen nan ne, kakansa ne ya zo hajji a ƙafa, Hausarsa irin ta tsofaffi da Larabci a tsakiya. Ya ce shi ma takardar canjinsa ba ta zo ba, kuma wayarsa ba ta yarda ya sa hannun zuwa aiki sai a bakin wannan ƙofar. Don haka yana zuwa. Matarsa Inna Azumi ma tana zuwa, ita ce dama mai kai saƙo ciki tunda namiji ba ya shiga makarantar mata.

Ashe ba mu kaɗai ba ne. Akwai Wafa da ƙanwarta Ilham, 'ya'yan Sabuwa mai lalle, 'yar Cadi. Matsalarsu irin tamu. Tun Lahadi take ajiye su ta wuce wajen aikinta.

Ƙarfe bakwai ƙararrawa ta buga da kanta. Sai taken ƙasa ya tashi ta lasifika, a tsakar gida ba kowa. Yaran nan uku suka ruga suka yi layi, kowace a inda ajinta yake tsayawa bara, da faɗin fili tsakaninsu, hannu a gefe. Inna Azumi ta ce na'ura ce a ofis, ba wanda ya san yadda ake kashe ta.

Ana gama taken wayata ta yi ƙara. Saƙon makaranta: 'yarku Huda ta halarta yau.

Na nuna wa Inna Azumi na ce wa ya rubuta? Ta ce ita ko karatu ba ta iya ba.

Lahadi, 7 ga Satumba

Motar makaranta mai ruwan ɗorawa tana zuwa ita ma. Ta tsaya, ta buɗe ƙofa, ba wanda ya sauko, ta rufe ta tafi. Baba Bakri ya ɗaga wa direban hannu. Wai kwangilarsa sai ƙarshen shekara.

Laraba, 10 ga Satumba

Na kira hedikwata. Kiɗa suka sa mini har katin ya ƙare.

Litinin, 15 ga Satumba

Na gaji da zaman kallonsu suna 'yar gala-gala a tsakar gida daga safe har azahar. Yau na kora su ajin ƙasa na kusa da matakala, na share allo, na ce kowa ta fito da littafin lissafi. Na samu alƙalamin allo a aljihun tebur, bai ma bushe ba.

Shekara bakwai na koyar a firamare a Gwale, can Kano, kafin mu zo nan. Tun da muka zo kuwa katin iƙamata yana cewa ba ni da izinin aiki, sai girki da jiran ranar Alhamis da Ya'u ke dawowa. Wallahi hannuna bai manta ba. Larabcina ne dai ya ba su dariya, Wafa tana gyara mini, ni kuma in ta ƙure sai in juye Hausa. Suna ji sarai, da Larabci suke amsawa. Ilham ba ta iya ragewa da aro ba, a aji uku! Me suke koya musu bara?

Na dawo gida da ciwon ƙafa, na yi barcin rana mai daɗi.

Alhamis, 18 ga Satumba

Baba Bakri ba ya bari mu fita haka nan. Ƙa'idar makarantar mata ce, in an tashi mai ɗaukar yarinya ya faɗa wa mai gadi sunanta, shi kuma ya kira ta a lasifika, sannan ta fito. Na ce Baba, ai ni ce mai ɗaukar, ga ni a ciki. Ya ce la, la, wato a'a, ki fito waje ki faɗa mini. Haka nake yi kullum. In fita, in ce Huda Ya'u, ya ɗauki abin magana ya kira sau biyu, muryar tana dukan bangon gidajen maƙwabta.

Yau muna haɗa jaka sai muka ji ya kira wani suna. Munirat Abdulazeez, Munirat Abdulazeez. Muka yi tsit. A saman bene, daidai kanmu, aka ja kujera baya.

Na fita na tambaye shi. Ya ce wata mota ce ta tsaya, mutumin ya faɗi sunan, can kuma ya dafe kai ya ja motarsa. Mantuwa ce, in ji shi, ƙafa ta saba. Na ce kujerar fa? Inna Azumi ta ce kyanwa. Ban taɓa ganin kyanwa a gidan nan ba, kuma ban taɓa ganin kyanwar da ke jan kujera ba.

Na hana yaran hawa sama.

Lahadi, 28 ga Satumba

Huda ta kwana da zazzaɓi, ban kai ta ba. Ban gaya wa kowa ba. Bakwai da 'yan mintuna saƙo ya shigo: 'yarku Huda ba ta halarta ba yau.

Da a ce kullum halarta yake cewa, da na ce na'ura ce kawai take turawa. Na zauna a bakin gado riƙe da wayar.

Litinin, 29 ga Satumba

Na kai ta da sauran zazzaɓin. Na tsare Baba Bakri na ce tsakaninka da Allah, kai ke rubutawa? Ya miƙo mini wayarsa, ya ce ki duba, ni abin da na iya shi ne in danna nan. Sabuwa ta nuna mini nata saƙon na makon jiya, ranar da Ilham ta tsaya sayen burodi: ta makara. Ita abin bai dame ta ba. Ta ce ke dai tunda ana rubutawa, khalas, shi ke nan, ko wane ne Allah ya saka masa.

Na duba ko'ina a tsakar gida ko akwai kyamara. Guda ɗaya ce a saman ƙofa, wayarta a tsinke tana lilo.

Talata, 7 ga Oktoba

An turo gayyatar taron majalisar iyaye mata, gobe ƙarfe goma a ɗakin taro na makaranta. Bara an sa ni cikin majalisar don a samu baƙuwa ɗaya. A baya nake zama in ci dabino, su yi ta Larabcinsu da sauri, in an ce a ɗaga hannu in ɗaga.

Ba zan je ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na je. Ai dama ina cikin ginin.

Inna Azumi ta shimfiɗa ƙyalle a dogon tebur, ta jera gahawa da dabino da ƙananan kofuna a gaban kowace kujera. Ta ce haka take yi duk ranar majalisa. Na zauna a kujerata ta baya. Goma ta yi, ta wuce. Sai abin ya ba ni haushi, ban san da wa nake fushi ba, na miƙe na koma kujerar gaba na fara magana da ƙarfi, da Hausa. Na ce famfon banɗakin ƙasa yana yoyo. Na'urar sanyin ajinmu iska mai zafi take hurowa. Ilham ba ta da littafin kimiyya. Na ce kuma ina so in san wa ke da alhakin yaran nan. Inna Azumi tana tsaye a bakin ƙofa da butar gahawa, ta ce to, an ji.

Da na huce na ji kunya. Mace da girmanta tana wa kujeru faɗa.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Masu gyara sun zo. Su biyu da mota, Baba Bakri ya sa muka shige aji muka rufe ƙofa. Sun gyara famfo, sun gyara na'urar sanyi, sun bar kwali a bakin ofis, a ciki littafin kimiyya na aji uku, guda ɗaya. Na sa Inna Azumi ta tambaye su wa ya aiko su. Suka ce oda ce ta zo a waya. Daga ina? Daga makaranta.

Tambayata ta ƙarshe ce kawai ba a amsa ba.

Na yi alwala na yi nafila a ajin. Daga baya na tsinci kaina ina tunanin abin da zan nema a taro na gaba.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Mun yi faɗa da Ya'u. Ya ce na rame, kuma ba ni da zance sai na makarantar nan, ko a masallacin Harami jiya ina lissafin darasi a yatsu. Ya ce mu mayar da Huda Yanbu kusa da shi. Na ce ko Yanbun sai tsohuwar makaranta ta sake ta, ka manta? Ya ce to ki daina shiga kangon nan, ki ajiye ta a ƙofa kamar yadda Sabuwa ke yi. Na ce ba kango ba ne. Da ƙarfi na faɗa.

Ya ce yaushe rabon da ki leƙa hedikwata? Na ce makon jiya. Gaskiya ya fi haka.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Yau an zo duba mu.

Ina tsakiyar koya musu kashi-kashi, na yanka lemo huɗu a tebur, sai na juyo na ga mace zaune a kujerar baya. Baƙar abaya, fuska a rufe, jaka a cinya, irin masu duba malamai da ofis ke aikowa. Ban ji shigowarta ba. Yaran ba su waiwaya ba. Na ce a raina shi ke nan, an kama ni ina aiki ba izini, har da Ya'u zan ja wa. Amma bakina bai tsaya ba, na ci gaba har ƙararrawa ta buga.

Ta taso ta tsaya kusa da ni. Ta ce ya Abla, yadda suke kiran malama a nan, bayaninki yana da kyau, amma ki rage sauri, ƙaramar ba ta biyo ki. Ta ce kuma ki riƙa rubuta kwanan wata a allo. Ta fita.

Ban ce mata ni ba malamar nan ba ce. Ban tambaye ta zancen Huda ba, sai da na dawo gida ma na tuna. Ga wadda ta zo daga ofis har gabana!

Baba Bakri ya ce shi bai buɗe wa kowa ba, amma ya ɗan je shago sayen ruwa. Inna Azumi ta ce ta ga wucewarta, sai dai ba ta lura ko waje ta nufa ko matakala ba.

Bayaninki yana da kyau. Rabon da wani ya ce mini haka tun a Kano.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Makullin ofishin shugaba yana jikin ƙofa tun farko. Na shiga ne don neman takardar jarrabawa. Kujerar tana da daɗi, mai juyawa. Yanzu a nan nake duba aikinsu lokacin hutun ƙarfe tara, ya fi aji sanyi. Na rubuta jadawali na manna a bango, na sa Wafa ta zama mai kula da aji. Inna Azumi ta fara ƙwanƙwasawa kafin ta shigo, ni ban ce ta yi ba.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Huda ta daina zancen Mimi. Ta rage magana gaba ɗaya. Jiya tana cin abinci ta ce 'yan sama sun riga mu, sun kai shafi na sittin. Na ce waɗanne 'yan sama? Ta ce ai ana jin su in an yi shiru. Na daka mata tsawa na ce ba na son shirme.

Yau da suna rubutu na yi shiru na saurara. Ba zan rubuta komai a kai ba. Mun dai ƙara sauri, mun kai shafi na hamsin da takwas.

Lahadi, 30 ga Nuwamba

An dawo daga hutun mako guda. Hutun ya yi mini tsawo. Na yi ta tashi da asuba ina shiri, sai in tuna.

Litinin, 8 ga Disamba

Saƙo ya zo daga hedikwata. An saki Huda. An ba ta gurbi a Khalidiyya, aji huɗu, ajin su Mimi. A kai ta da kanta kafin a tashi ranar Alhamis, in ba haka ba gurbin ya koma ga na gaba a layi, kuma ba za a sake buɗe canji ba sai shekara mai zuwa.

Alhamdu lillahi. Abin da muke ta roƙo ke nan.

Na tambayi Sabuwa da dabara ko ta samu wani saƙo. Ba ta samu ba. Ta ce ita yanzu hankalinta a kwance yake, yaran suna hannuna, Ilham har ta fara karanta mata allunan shaguna.

Zan gaya wa Huda gobe, yau ta gaji.

Talata, 9 ga Disamba

Gwajin kimiyya. Ba a fasa gwaji don zuwa Khalidiyya. Akwai lokaci.

Laraba, 10 ga Disamba

Gayyatar majalisa ta biyu ta zo, ranar Lahadi. Ina da abubuwa uku da zan gabatar, har da maganar inuwa a tsakar gida.

Na yi tunani. Ajin can yara sun fi talatin, wa zai kula da ita? A nan ita ce ta ɗaya a komai. Kuma wa ya san ko sakamakon nan ba a rubuta shi a wani wuri, tunda komai ana rubutawa. Gobe dai da safe, in mun gama layi, sai mu ɗauki tasi.

Alhamis, 11 ga Disamba

An yi layi. Huda ce ta karanta hadisin safe, muryarta ta fita sosai. Daga nan lissafi, daga nan Ilham ta yi haɓo na tsaya a kanta, daga nan ban san yadda aka yi ba sai ji na yi ƙararrawar tashi ta buga. Na fita waje na faɗa wa Baba Bakri sunan, ya kira.

Ya'u ya iso bayan magariba da kifin Yanbu. Muna ci Huda ta ce, Abla, miƙo mini ruwa. Na miƙa mata. Ya'u ya dube ta, ya dube ni, ya ce wace ce Abla a gidan nan? Na ce bakinta ne ya saba.

Ya tambaya ko akwai labari daga hedikwata. Na ce shiru har yanzu. Huda ba ta ɗago kai ba, ta daɗe da daina tambaya. Na goge saƙon, wayar ce ta cika.

Ranar Lahadi za mu fara doguwar rabawa, kuma har yau Ilham ba ta riƙe jadawalin sau bakwai ba.